Tauraron Eibar: Yadda Maƙeran Star Suka Yi Tashe, Suka Rufe Ƙofa

Masu kallon La Liga ba za su manta da shekarar 2014 ba, lokacin da wata 'yar ƙungiya daga garin da mutanensa ba su wuce 27,000 ba ta kutsa cikin manya. Filin wasanta, Ipurua, mutum dubu biyar da 'yan kai yake ci a lokacin, ga dogayen benaye sun leƙo shi ta sama, har mazauna cikinsu suna kallon wasa daga tagoginsu. Eibar ta yi kaka bakwai tana fafatawa da Real Madrid da Barcelona kafin ta sauka a 2021. Duk tsawon wannan lokaci masu sharhi suna kiran 'yan wasanta Los Armeros, wato maƙeran bindiga. Sunan ya daɗe a garin tun kafin a san ƙwallo, kuma cikin gidajen ƙira da suka jawo wa Eibar wannan laƙabi, babu wanda sunansa ya yi nisa a duniya kamar Star.

Eibar tana lardin Gipuzkoa ne, a yankin Bask da ke arewacin Sifaniya, a matse cikin wani kwari da kogin Ego ya ratsa. Fili ya yi ƙaranci, don haka garin sama ya riƙa yi. Za ka ga maƙera a hawa na ɗaya, wata a hawa na uku, iyali suna kwana a samansu, ƙarar zarto da guduma tana tashi tun asuba. Duwatsun yankin suna da tama, dazuzzukan suna ba da gawayi, ruwan koguna yana juya injuna, shi ya sa tun ƙarni na 16 mutanen kwarin suke ƙera makamai wa sarakunan Sifaniya. Aikin a rarrabe yake, gida-gida. Wannan bututu kaɗai yake haƙawa, wancan ƙota yake sassaƙawa, na gaba kuma kunama da 'yan ƙananan ƙarafa ne abincinsa. Yaro yakan tashi ya tarar da zarto a hannun ubansa da kakansa.

A cikin irin wannan gida aka haifi Bonifacio Echeverría da ɗan'uwansa Julián. Mahaifinsu, José Cruz Echeverría, bindigogin ɗuri yake ƙerawa, waɗanda ake zuba wa albarushi ta baki. 'Ya'yan sun hango cewa kasuwa ta juya, sai a 1905 suka fara ƙera ƙaramin fistol mai sarrafa kansa, wanda ya ɗauko fasali daga ƙirar Mannlicher ta Ostiriya. Bayan 'yan shekaru Julián ya bar kamfanin, daga baya ya zama shugaban makarantar koyon ƙirar makamai da aka buɗe a Eibar a 1912, makarantar da ta horar da dubban ma'aikatan yankin. Bonifacio ya ci gaba shi kaɗai. A harshen Bask ana kiran tauraro izarra, a Sifaniyanci estrella, amma shi kalmar Ingilishi ya zaɓa, Star, ya yi mata rajista a 1919. Wanda ya raɗa wa hajarsa sunan baƙi, ai ka san kasuwar da yake hari.

Kafin wannan rajista, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riga ya zubo wa Eibar kuɗi irin wanda ba ta taɓa gani ba, ya kuma bar mata tabon da ta yi shekara tamanin tana ƙoƙarin gogewa. Sifaniya ba ta shiga yaƙin ba. Faransa kuwa tana neman fistol ruwa a jallo domin sojojinta da ke cikin ramuka. A 1915 ta ba wa kamfanin Gabilondo y Urresti kwangilar wata ƙaramar bindiga mai suna Ruby, guda 10,000 a kowane wata. Ba a jima ba aka ɗaga zuwa 30,000, daga nan 50,000. Babu gidan ƙira ɗaya da zai iya wannan, sai aka rarraba aikin ga ƙananan maƙeru da dama, kowa ya shiga buga Ruby da irin ƙarfen da ya samu da irin awon da ya ga dama. Wasu sun yi aiki mai kyau. Wasu kuwa ƙarfensu laushi gare shi, gidan harsashin wannan ba ya shiga bindigar wancan, har sai da aka koma buga haruffan maƙeri a jikin kowane gidan harsashi domin soja ya san nasa. Wake ɗaya ke ɓata gari, balle a nan waken da yawa. Daga wannan lokaci, idan aka ce bindigar Sifaniya a Turai ko Amurka, abin da ke zuwa zuciyar mai saye shi ne araha da ƙarfe marar ƙwari.

Star ma ta sayar wa Faransa, amma ƙirarta ta kanta ce, samfurin 1914, kuma sojoji sun yaba da ita. Duk da haka ƙurar ta shafe ta. Ko da gwamnati ta wajabta gwada kowace bindiga a gidan gwaji na hukuma da ke Eibar daga shekarun 1920, zargin bai gushe ba. Har yau wanda ya juya tsohuwar Star a hannunsa zai ga 'yan tambura ƙanana a gefenta: hular yaƙi a bisa garkuwa, da hoton bam mai harshen wuta ɗauke da harafin P. Shaidar ke nan cewa an ɗura mata harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, an harba, ba ta fashe ba.

Abin da ya kafa Star a kan ƙafafunta shi ne cinikin Guardia Civil, jandarmomin Sifaniya. Bonifacio ya dubi Colt 1911, fistol ɗin sojan Amurka da John Browning ya tsara, ya ɗauki abin da ya ga yana da amfani, ya zubar da sauran. Samfurin 1920 ya fito, jandarmomi suka ce sakatarta ba ta yi musu ba. Aka fito da na 1921 da ƙarin sakata a bayan ƙota, wadda sai tafin hannu ya danne ta bindiga ke tashi, suka ce wannan ma a cire. Na 1922 ne ya zauna, kuma daga gare shi zuriyar Star ta yaɗu: samfurin A mai cin dogon harsashin Sifaniya da ake kira 9 Largo, da samfurin B mai cin 9 Parabellum da duniya ta fi sani. Wanda ya hango su daga nesa zai rantse Colt ce. A ciki kuwa sun fi ta sauƙi. Ƙugiyar da ke fizgo kwanso a waje take, kunama a kan ƙusa take lilo, sassan sun ragu, kuma duk sashen da babu shi ba zai taɓa lalacewa a hannun jandarma a ƙauye ba.

Sai yaƙin basasa ya zo. Eibar gari ne na ma'aikata da 'yan ƙwadago, shi ne ma garin da ya fara shelar Jamhuriya ta Biyu da sanyin safiyar 14 ga Afrilu, 1931. Bakin daga ya tsaya a duwatsun da ke kewaye da shi wata da watanni, jirage suka yi ta zuba masa wuta, ya faɗa hannun dakarun Janar Franco ranar 26 ga Afrilu, 1937, rabinsa toka. A wannan rana ce jiragen Jamus da Italiya suka ragargaza Gernika, inda babbar kishiyar Star, wato Astra, take da masana'anta tun 1913. Kasuwa ta ƙone, gidaje suka ƙone, mutane suka mutu a tituna, amma masana'antar bindigar da ke gefen garin ko ƙwarzane ba ta yi ba, kuma ba a daɗe ba ta koma aiki wa waɗanda suka ci garin. Duk mai sha'awar kyan waɗannan ƙarafa ya kamata ya riƙe wannan rana a ransa, domin abin da ake ƙerawa a kwarin nan kayan kisa ne, kuma mutanen kwarin sun ɗanɗana da jikinsu.

Gwamnatin Franco ta tace masu ƙera fistol, ta bar 'yan ƙalilan, manyansu uku: Star a Eibar, Astra a Gernika, sai Gabilondo mai tambarin Llama. Gomman ƙananan maƙerun zamanin Ruby suka watse ko suka canza sana'a. Ga ukun da suka rage, wannan gata ne babba. Kasuwar gida tasu ce, sojoji da 'yan sanda da jandarmomi ba su da inda za su je sai wurinsu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Jamus ta sayi samfurin B da yawa, Bulgeriya ta sayi 15,000. A 1946 sojan Sifaniya ya ajiye Astra 400 ya ɗauki Star Super. Kamfanin ya shiga ƙera bindigogi masu aman wuta, daga Z-45 har zuwa Z-84. Sojan Afirka ta Kudu ma samfurin B ya rataya shekaru da yawa.

Wata kasuwar kuma ta zo daga inda ba a zata ba. Masu shirya fim a Hollywood sun sha wahala da Colt mai harsashin .45, domin ba ta son harsashin wasa, wanda babu dalma a kansa sai ƙara da hayaƙi. Takan harba ɗaya ta cije. Star B mai milimita 9 kuwa tana cinye shi lafiya lau, ga shi kamarsu ɗaya. Saboda haka a fina-finai da yawa, bindigar da ɗan kallo ya ɗauka Colt ce, 'yar Eibar ce. Ita ce a The Wild Bunch na 1969, ita ce kuma mai ƙyalli a hannun Samuel L. Jackson a Pulp Fiction na 1994.

Amma inda maƙeran Star suka nuna gwaninta ta gaske shi ne wajen ƙanƙanta bindiga ba tare da rage mata ƙarfi ba, kuma samfura uku ne suka ɗauki wannan suna.

Ta farko ita ce BM, wadda aka fara a 1972. Samfurin B aka datse, bututun ya dawo kusan santimita 10, gidan harsashi yana cin 8 a layi ɗaya. Duk jikinta ƙarfe ne, nauyinta ya kusa kilo guda. A takarda wannan nauyi aibi ne, a hannu kuwa shi ne daɗinta, domin yana shanye bugun harsashi, bakin bindigar ba ya tsalle, harbi na biyu yana bin na farko. Siririya ce, tana kwanciya a kwankwaso ba tare da ta turo riga ba, ƙotarta kuma tana zama daidai a hannun da ba shi da girma. Kunamarta gajeriyar tafiya gare ta, tana karyewa tsaf kamar tsinke. Sakatar da babban yatsa ke turawa gudumar kanta take kullewa, abin da masana da yawa ke ganin ya fi tsarin Colt aminci. In an zare gidan harsashi kuma ba ta tashi. An yi ta shekara 20, har 1992, an ƙera sama da 217,000, ta zauna a ɗamarar jandarmomi da 'yan sandan ƙasa da sojan ruwa. Akwai 'yar'uwarta BKM mai gangar jikin alminiyam, ga wanda nauyi ya dama. Aibin BM da kowa ya sani yana wurin allurar da ke dukan gindin harsashi: in aka yawaita ɗana ta ana sakin kunama babu harsashi a ciki, allurar takan karye. A zamanin da masana'anta ke aiki wannan gyaran minti goma ne.

Ta biyu, PD, ita ce ta sa Amurkawa suka fara kallon Star da idon girma. A 1975, wanda ke son ɗaukar harsashin .45 a jikinsa yawanci sai ya rataya Colt mai nauyin sama da kilo ɗaya, ko kuma ya kai ta wurin maƙeri ya biya kuɗi mai yawa a yanke masa ita. Star ta fito da .45 mai gangar jikin alminiyam, nauyinta gram 700 da 'yan kai, tana cin harsashi 6, ga saitin baya da ake iya gyarawa. Haruffan sunanta na Pete Dickey ne, Ba'amurken da ke harkar shigo da bindigogin Star, wanda ya kawo shawarar. Colt da kanta sai a 1985 ta fito da tata gajeriyar, Officer's ACP, shekara goma cur bayan 'yan Eibar. Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan Amurka wanda maganarsa kan fistol ke da nauyi a lokacin, ya yaba mata, kuma 'yan sandan farin kaya da yawa sun saye ta da kuɗin aljihunsu. Sauƙin nauyin yana da farashi. A cikinta akwai wata 'yar roba da ke tare marfin sama in ya dawo da ƙarfi, domin kada ƙarfe ya riƙa dukan alminiyam. Robar tana cinyewa, kuma wanda ya yi sakaci bai canza ta ba, wata rana zai ga gangar jikin ta tsage. Shi ya sa masu ita suka ɗauke ta a matsayin bindigar yawan ɗauka da ƙarancin harbi. An daina yin ta a 1990.

Ta uku ita ce Firestar, kuma a nan ne labarin ya fi daɗi, ya fi ciwo.

Ta iso kasuwa a farkon shekarun 1990, daidai lokacin da jihohin Amurka, bayan Florida ta buɗe ƙofa a 1987, suka shiga sassauta dokar ba farar hula lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye. Mutane na neman ƙarama mai ƙarfi, abin da ke kasuwa kuwa yawanci ko libarba mai harsashi biyar, ko ɗan fistol mai raunin harsashi. Firestar M43 tana cin 9 Parabellum guda 7, bututunta bai kai santimita 9 ba, tafin hannu ɗaya yana kusan rufe ta. Marfinta a cikin gangar jiki yake gudu maimakon ya rungume ta ta waje, bakin bututun kuma an yi masa kauri kamar ƙaho domin ya zauna daram a mazauninsa duk bayan harbi. Wannan ya sa take kai harsashi inda aka nufa fiye da yadda girmanta zai sa a zata. Sakata tana ɓangare biyu, bahago ma ya samu. Akwai baƙa, akwai mai farin rufin nikel da kamfanin ya kira Starvel, wanda gumi ba ya ci da wuri. Da harsashin .40 S&W ya fito a 1990, Firestar M40 tana cikin ƙananan bindigogi na farko da suka ɗauke shi, sannan M45 ta biyo baya. Mujallar Guns & Ammo ta zaɓe ta fistol ɗin shekara a 1991. Kamfanin Interarms na Samuel Cummings, da ke Alexandria a jihar Virginia, shi ke shigo da ita, farashinta kuma ƙasa yake da na Colt da SIG nesa ba kusa ba. Bayan shekara 75, jikokin masu buga Ruby sun ƙera abin da Amurka ta tsaya ta sara wa.

Sai dai duk wanda ya ɗaga Firestar daga kan kanta, abu na farko da yake faɗi shi ne nauyi. Gram 850 ne a jikin abin da bai fi tafin hannu ba, kamar an miƙa maka guntun tubali. Maƙeran Eibar ƙarfe suka sani, a ƙarfe suka amince, kuma sun yi gaskiya cewa ƙaramar bindiga mai nauyi ta fi daɗin harbi. Amma mai saye yini yake yi da ita a ƙugu, harbi kuwa sai ran da ya je filin gwaji. A can Ostiriya, Gaston Glock, mutumin da bai gaji ƙira ba, wanda sana'arsa ta farko kayan roba ce da sandunan labule, ya riga ya sayar wa sojan ƙasarsa fistol mai gangar jikin roba tun farkon shekarun 1980. Injin ke zuba robar a mazubi cikin ɗan lokaci, inda gangar jikin ƙarfe ke cin sa'o'i ana fiƙe ta, ana goge ta, ana daidaita ta da hannun ma'aikacin da dole a biya shi albashin Turai. Glock 19 ta 1988 tana cin harsashi 15 kuma ba ta kai Firestar nauyi ba. A 1995 Glock 26 ta fito, girmansu kusan ɗaya da Firestar, harsashi 10, nauyi kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Rundunonin 'yan sanda ma sun juya baya ga bindigar da ake ɗauka a ɗane da guduma a tsaye, sun koma ga wadda sabon ɗan sanda zai zaro ya ja kunama kawai.

Ba za a ce Star ta yi barci ba. Tun ƙarshen shekarun 1970 ta tsara samfurin 28, mai harsashi 15, wanda babu sukurun ko ɗaya a jikinsa, ta kai shi gasar da sojan Amurka ya shirya domin maye gurbin Colt. Bai kai labari ba, Beretta ta Italiya ce ta lashe a 1985. Aka gyara shi ya zama samfurin 30, bindiga mai jure wahala da jami'an tsaron Sifaniya suka riƙe, amma sojan ƙasa ya ba wa Llama M82 kwangilarsa. Aka yi Firestar Plus mai jikin alminiyam da harsashi 13, sai ga dokar Amurka ta Satumbar 1994 ta hana sayar wa farar hula sabon gidan harsashin da ya wuce 10, abin da ya zare mata babban abin tallarta. Aka yi Megastar, ƙatuwa mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, domin harsashin milimita 10, a daidai lokacin da yayinsa ke wucewa. Daga ƙarshe aka yi Ultrastar mai jikin roba. Bindiga ce mai kyau, waɗanda suka riƙe ta sun shaida, amma ta zo ne lokacin da Glock ta riga ta cika kasuwa, kamfanin kuma ba shi da kuɗin da zai tallata ta.

Kuɗin ne ya kashe Star, kuma ta hanyoyi da yawa ya bi. Rumfar da Franco ya kafa wa kamfanonin uku ta fara yoyo bayan mutuwarsa a 1975. Sifaniya ta shiga NATO a 1982, ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai a 1986, kasuwar gida ta buɗe, gwamnati ta daina zama uwar da dole ta saya a wurin ɗanta. Yankin Bask kansa yana cikin tashin hankali. A Oktoban 1977 ƙungiyar 'yan awaren Bask ta ETA ta kashe Augusto Unceta, mai kamfanin Astra, a Gernika, tare da jandarmomi biyu da ke tsaronsa. Yaƙin Cacar Baki ya ƙare, ƙasashe suka rage sayen makamai, rumbunan Gabashin Turai suka buɗe, tsofaffin fistol masu araha suka malalo kasuwa. Star ta ci bashin banki ta sayi injunan zamani masu aiki da kwamfuta domin ta rage tsadar aiki, shawarar da ba ta da laifi, sai dai ta faɗo a mugun lokaci. Ana gama bukukuwan Olamfik na Barcelona a 1992 tattalin arzikin Sifaniya ya durƙushe, aka karya darajar peseta har sau uku cikin 'yan watanni, rashin aikin yi ya kai kusan kashi 24 cikin 100 a 1994. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A ƙarshen 1993 Star ta nemi kotu ta shiga tsakaninta da masu binta bashi.

Akwai kuma raunin da ya daɗe a jikinta. A Amurka, babbar kasuwarta, ba ta da masana'anta, ba ta da ƙafar kanta, sai abin da dillali ya yi da ita. Ta taɓa ganin illar haka a 1968, lokacin da dokar Amurka ta hana shigo da 'yan mitsi-mitsin fistol, ƙaramarta samfurin DK ta rasa hanya, sai dai aka riƙa tura sassanta ana haɗawa a can da wani suna. Beretta ta kafa masana'anta a Maryland, Glock ta kafa reshe a Georgia, SIG ta zauna a New Hampshire. Star tana kwarin Ego, tana jiran oda.

An yi ta maganar haɗa ta da Astra, gwamnatin yankin Bask ma ta sa baki. Amma Astra ita ma bashi ya kai mata iya wuya, marar lafiya ne aka ce ya goyi marar lafiya. A watan Mayun 1997 Star ta rufe ƙofa, tana da shekara 92. Astra ta bi ta. Daga burbushinsu aka kafa wani sabon kamfani mai suna ASTAR, rabin sunan wannan da rabin na wancan, bai yi tsawon rai ba. Llama ta ɗan ja numfashi: bayan Gabilondo ya karye, ma'aikata kusan 60 suka haɗa hannu suka karɓi aikin da sunan Fabrinor, suka yi ta fama har 2005. Samuel Cummings ya rasu a 1998, Interarms ma ta naɗe tabarmarta. Jandarmomin da suka shekara 70 da Star a ƙugu suka koma Beretta, 'yan sandan ƙasa da sojoji suka koma Heckler & Koch ta Jamus.

Abin da ke ƙara wa labarin zafi shi ne maƙwabtan Star sun nuna wata hanyar tun da daɗewa. Da kasuwar bindiga ta faɗi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Alfa, ƙungiyar ma'aikatan da aka kafa a 1920 domin ƙera libarba, ta koma keken ɗinki. Orbea da BH, waɗanda suka iya haƙa bututun bindiga, suka ga ai bututu ne jikin keke, suka koma kekuna, kuma har yau ana tseren duniya a kansu. An ƙera babur ɗin Lambretta a Eibar shekaru masu yawa. Masu bindigar farauta irin su AYA suka bi ta sama, suna yin kaɗan da hannu suna sayarwa da tsada, suna nan har gobe. Star ta tsaya a tsakiya: ta fi ƙarfin a kira ta araha, sunan ƙasarta kuma bai bari a biya ta kuɗin da aikinta ya cancanta ba.

Bayan shekara ashirin da rufewar, BM ta sake bayyana. Hukumomin tsaron Sifaniya sun kwashe tsofaffin da ke rumbunansu, dillalai suka kai su Amurka dubbai, wasu a cikin kwalinsu na asali, da ƙaramin littafin bayani da sandar goge bututu. An sayar da su ƙasa da dala 300, kuɗin da ba zai sayi rabin sabuwar bindigar ƙarfe mai irin wannan aiki ba. Bakin bututun da gefen marfin sun koɗe saboda shekarun shiga da fita daga kube, cikin kuwa da yawa kamar ba a taɓa harba su ba. Matasan da aka haifa bayan 1997 suka saya don araha, suka je filin gwaji, suka dawo suna tambayar wane ne ya ƙera wannan, kuma me ya sa ya daina.

Matsalarsu ɗaya ce, kayan gyara. Allurar BM, robar PD, gidan harsashin Firestar, duk sun zama abin nema, wanda ya samu biyu yakan ɓoye ɗaya. A Eibar, wasu tsofaffin ma'aikatan Star sun buɗe ɗan shago mai suna Ipar Guns, inda suka adana ragowar sassan masana'antar suna gyara wa masu bindigogin. A Gernika, matasan gari sun hana a rushe ginin Astra na ƙarshe, yanzu gidan al'adu ne da ake kiɗa da wasan kwaikwayo a ciki. Gidan tarihin ƙirar makamai da aka buɗe a Eibar a 2007 yana cikin ginin Portalea, wanda a da masana'antar AYA ce. A hawan sama, cikin akwatunan gilashi, bindigogin Star suna jere bi da bi, daga ƙananan farko na zamanin Bonifacio har zuwa na shekarun 1990, kusa da kekunan ɗinki na Alfa da kekunan hawa na Orbea.